Sakata a Ƙofar Goggo Verna

Gidan Goggo Verna Flett ne na ƙarshe a layinmu. Daga shi sai duwatsun bakin teku, daga duwatsun kuwa sai abin da Allah ya aiko. Nawa gidan yana kallon nata, titi ne kawai a tsakaninmu, don haka tun da na samu aikin sauke kaya a tashar jirgin ƙasa na dawo layin da zama, da wuya rana ta fito ta faɗi ban sha shayinta ba.

Ba ƙanwar mahaifina ba ce, ba ta kuma haɗa jini da kowa a layin ba, amma duk wanda ya yi makaranta a garinmu Goggo yake ce mata, domin ita ta ciyar da shi. Ta shiga kicin ɗin makarantar tana budurwa, ta fito da furfura. Har yanzu in ta haɗu da wani ƙato mai gemu a kanti sai ta ƙare masa kallo ta ce, "Kai ne ba ka cin albasa." Kuma ba ta kuskure. Mijinta Cecil masunci ne, ya daɗe da rasuwa. 'Yarsu guda tana aikin jinya a birnin Winnipeg, can kudu, kullum tana bugo waya tana roƙonta ta koma can kusa da ita. Amsar ba ta canzawa: "In zo in yi me a garin da sai mutum ya ƙwanƙwasa kafin ya shiga gidan maƙwabcinsa?"

Mu nan ba ma kulle gida, ba ma kulle mota. In sanyi ya fara shigowa amma teku bai daskare ba tukuna, fararen beyar sukan taru a bakin ruwa suna jiran ƙanƙarar da za su hau su tafi farauta, da yunwar watanni a cikinsu, wasu kuma su ratso cikin gari suna shinshine-shinshine. Duk wanda ya yi kiciɓis da ɗaya, ƙofar da ta fi kusa da shi ita ce tasa, ko ta wace ce. Ƙofar Goggo Verna kuwa ta fi kowace nauyi, domin wanda ya biyo hanyar duwatsu ba shi da wata sai ita. Yaran makaranta sun san haka, tsofaffi sun sani. Ƙofar ma tun da aka kafa ta ba a taɓa sa mata makulli ba.

Da yake ƙofa a buɗe take, mutane ba sa jiran beyar ya koro su kafin su shiga. Goggo takan dawo daga kanti ta tarar da kifi a wurin wanke kwanuka, ko figaggiyar dinya a kan tebur. Wani lokaci kuma ta tarar an sha shayi an wanke kofi, banok, wato gurasar fulawar da ta toya da safe, ya ragu. Ba ta tambaya. Mai yunwa ya ci, mai rabo ya ajiye, shi ke nan.

Karatu bai shige ta ba sai bayan ta bar aiki. Jirgin ƙasa yakan kawo mana kwalayen tsofaffin littattafai da mutanen kudu suka gaji da su, a kai su ɗakin karatu na gari. Ta ɗauko na soyayya, barci ya sace ta kafin saurayin ya buɗe baki. Ta ɗauko na tarihi, ta ce ai ita ma tarihin ce. Rannan sai ta ɗauko wani mai baƙin bango, na ban tsoro. Washegari ta tare ni a bakin titi, idanunta na ƙyalli kamar na yarinya, ta ce, "Curtis, ashe akwai irin wannan abu a duniya, kuka bar ni ina yankan albasa?"

Daga nan aka fara zaman Lahadi. In an taso coci sai mu taru a kicin ɗinta, ta ɗora buta, ta toya banok a kaskon ƙarfe, kowa ya faɗi abin da littafin makon ya yi masa. Mutane sukan zo su tafi, amma waɗanda ba sa fashi su ne ni, da Lorne Spence, da Wilma Sinclair. Lorne ɗan sintirin beyar ne, ƙato wanda sai ya sunkuya yake shiga ƙofa. Wilma kuwa ƙawar Goggo ce tun suna tallar kifi da ƙafa ba takalmi, kuma ba ta taɓa buɗe ko ɗaya daga littattafan ba.

"Ni banok na zo ci," in ji ta. "Mutum yana zaune lafiya a gidansa, ya tashi ya je ya aro tsoro, har da ranar mayarwa."

"Ke dai ci ki yi shiru," Goggo ta ce. "Ni littafin da za a ce wai wani tsohon gida a bisa dutse, da jemagu, da gawa mai tashi, ko gezau. Ina ruwana da gidan da ban taɓa shiga ba? Marubucin ƙwarai shi ne wanda zai ɓata maka abin da kake taɓawa kullum."

"Kamar firizata," Lorne ya ce, murya ƙasa-ƙasa.

Duk mun san labarin, amma kullum sai Wilma ta sa ya maimaita. Ya karanta wani littafi ne inda mutum yake jin ana ƙwanƙwasawa daga cikin firizarsa. Tun ranar, in ana son nama a gidansa, matarsa yake aikawa.

"Kai da kake korar beyar da tsawa!" Wilma ta ce, tana dariya har da tari.

"Beyar na san abin da yake so, Wilma. Na cikin firiza fa?"

"Naman da ka harbo da hannunka ne, sakarai. Ko bashi yake binka?"

"To ai shi ne abin tsoron."

Ni da aka tambaye ni na ce ban ƙara shiga wanka ba sai na ja labulen wurin wankan na leƙa. Suka yi ta yi mini dariya, Goggo ta ƙara mini banok, wai ladan gaskiya. Lorne yana ganin littafin da ya bayyana dodon a ƙarshe ya yi asara, gara a bar mutum da zullumi. Goggo ta ce a'a, ita tana son a nuna mata fuskar abin da ya hana ta sakewa, ko ta samu ta tsine masa. Sukan kai la'asar a kan wannan, ba wanda ya taɓa kayar da wani.

Na taɓa tambayarta, muna mu biyu, me take samu a ciki. Tana juya cokali ta ce, "In na rufe littafin, na ɗaga kai na ga butata tana nan, kujerar Cecil tana nan, ba abin da ya motsa, sai in ji daɗin gidan nan kamar yau na tare a cikinsa."

Haka ake ciki har ta ɗauko wani mai jan bango. Labarin wata mata ce da take zaune ita kaɗai. Duk lokacin da ta fita, wani abu yakan shiga gidanta. Ba ya sata, ba ya ɓarna. Kofi kawai zai juya, ko ya gyara takalmanta su kalli bango, ko ta tarar da kujera da ɗumi. Goggo ta ba mu labarin rabin farko ranar Lahadi tana ta yabo, ta ce wannan marubuciyar ta san aikinta.

Cikin makon, na dawo daga aiki da yamma, sai na ji tana ƙwala mini kira daga ƙofa. Na tsallaka. Ta ja ni har wurin wanke kwanuka, ta nuna mini wani kifi mai kyau, sabon kamu.

"Kai ka kawo?"

"A'a, Goggo."

"To wa?"

Na yi dariya, ina tsammanin wasa take. Da na dubi fuskarta sai dariyar ta tsaya. Matar da ta yi shekara da shekaru tana tsintar kifi a gidanta ba ta taɓa tambaya ba, yau ga ta tsaye tsuru-tsuru tana kallon kifi kamar zai yi magana. Ta ce kuma kofinta na shuɗi ba a nan ta bar shi ba. Na ce ai wanda ya kawo kifin ne ya sha shayi. Ta ce, "Haka matar littafin ma ta ce da farko."

Washegari ta je kanti ta sayi sakata. Kafin azahar ba wanda bai ji ba, domin mai kantin sai da ya hau tsani ya tono ta daga cikin kayan da ƙura ta rufe, yana tambayarta ko akurkin karnuka za ta yi. Ba ta nemi kowa ya taimaka ba. Ta ɗauko kayan aikin Cecil ta kafa abarta da kanta, a karkace, sai an danna ƙofar da kafaɗa take shiga.

Zaman Lahadin da ya biyo baya shi ne na farko da muka tsaya a waje muna bugawa. Wilma ta shiga ba ta cire rigar sanyinta ba.

"Verna, mene ne wannan?"

"Idonki bai gani?"

"A watan nan? Da teku bai daskare ba? Jiya-jiya su Lorne suka kori biyu daga bayan asibiti."

Lorne ya zauna yana murza hularsa. Ya ce, "Goggo, ba don na raina ki ba. Yaran gidan Oman ta duwatsu suke biyowa in sun makara. In wani abu ya taso musu, nan za su nufo."

"Ai ina ciki. In an buga zan buɗe."

"Da wane kunnen?" Wilma ta ce. "Kunnen da sai an yi miki magana sau uku? An ce tsoro na daji, kunya na gida. Ke kin kwaso tsoron kin kawo gida, kunyar kuma ban san inda kika kai ta ba."

Goggo ta ajiye buta da ƙarfi. Ta ce gidanta ne, ƙofarta ce, wanda banok ɗinta ya ishe shi hanya a buɗe take. Wilma ta ce ai hanyar ce ba a buɗe take ba. Ta juya za ta fita cikin fushi, sakatar ta ƙi zaruwa, sai da Lorne ya tashi ya taimaka mata. Ba wanda ya yi dariya, ko da yake abin dariya ne.

Na tsaya bayan sun tafi. Na taya ta wanke kofuna. Can ta ce, "Ka ɗauka ban san ƙarya ba ce? Kaina ya sani, ɗana. Bayana ne bai sani ba. In na juya wa ƙofar nan baya sai in ji tsigar jikina ta tashi." Ta ce ta tsaya a tsakiyar littafin, ta kasa ci gaba, ta kuma kasa mayar da shi ba ta san yadda matar ta ƙare ba. Ya kwana a kan tebur, ta kifa faranti a kansa.

Wilma ta ɗauke ƙafa. Goggo ta rage fita. In yara sun wuce da safe nakan ga labulenta ya motsa, tana bin su da ido har su sha kwana, wato ita ma abin yana cinta. Amma sakatar tana nan.

Ranar da abin ya faru da hantsi ne, gari ya yi haske, dusar ƙanƙara ta ɗan zuba. Ina tsaye a tagata ina ɗaura takalmi sai na hango Wilma ta fito daga hanyar duwatsu, da jakar leda a hannu. Daga baya ta ce mini miyar kifi ce da ƙafar dinya, ta gaji da gaba, ta zo sulhu. Goggo kuwa ta ce ba sulhu ba ne, faɗa ta zo ƙarasawa, ta riƙo miyar don kada a kore ta. Ban san wadda zan gaskata ba.

Abin da na gani da idona shi ne, wani tudun fari da na ɗauka dusar ƙanƙara ce ya miƙe a bayanta. Matashin beyar ne, ramamme, hancinsa sama. Na ɗauki waya na kira 'yan sintiri, ina magana ina kallo. Wilma ta waiga ta gan shi. Ba ta ruga ba, tsohuwar gari ce. Ta juya tana fuskantarsa, tana ja da baya a hankali. Ta yar da safar hannu guda, ya tsaya ya shinshina, ya ci gaba. Ta yar da ɗayar. Da ta kai matakalar Goggo sai ta ajiye jakar miyar a ƙasa, ta hau da baya, ta miƙa hannu ta murɗa ƙofa.

Ƙofa ta ƙi.

Na buɗe tawa ina ihu ina buga murfin tukunya, amma ko kallona bai yi ba, kuma shi ne a tsakanina da ita. Ya sa hanci a jakar. Wilma ta shiga dukan ƙofa da tafin hannu.

Abin da ya faru a ciki, daga bakin Goggo na ji. A safiyar nan ta yi ta maza ta ɗaga farantin, ta ce yau sai ta ga ƙarshen littafin. Tana daidai wurin da abin ya daina ɓuya, ya zo ƙofar matar da rana tsaka yana kiranta da muryar 'yar'uwarta, sai ta ji ana dukan tata ƙofar, ana cewa, "Verna! Verna, buɗe!"

"Na rantse maka ban yarda mutum ne ba," in ji ta. "Na ce shi ke nan, ya zo, har ya ari muryar Wilma."

Ta ce, "Wa... wane ne?"

Amsar kuwa ni ma daga tsallaken titi na ji ta. "Uwarki ce! Buɗe ƙofar nan, kurmar banza mai hancin tukunya, kafin a cinye ni a kan matakalarki in dawo in hana ki barci har ki mutu!"

Goggo ta ce a nan hankalinta ya dawo jikinta, domin babu aljanin da ya san ana ce mata mai hancin tukunya, kuma ko ya sani ba zai iya faɗinsa da irin wannan rashin kunya ba. Ta ruga ta kama sakata. Sakata ta cije, saboda Wilma ta jingina da ƙofar daga waje. Ta ja, ta ƙi. Sai ta sa hannu biyu, ta taka bango da ƙafa, ta fizga da ƙarfin matar da ta yi rayuwarta tana ɗaga tukwanen makaranta. Kusoshin suka fito da guntun katako. Ƙofa ta buɗe, Wilma ta faɗo ciki da baya, su biyun suka zube a ƙasa, Goggo ta tura ƙofar da ƙafa ta rufe.

Beyar ya gama da miyar, ya lashe ledar, ya hau matakala ya shinshina ƙofa. Yana nan motar sintiri ta shawo kwana tana oda. Lorne ya harba irin harsashin nan mai ƙara kawai, beyar ya juya ya nufi duwatsu yana gudu yana waige, kamar wanda aka kora daga gidan biki.

Da muka shiga ni da Lorne, mun same su zaune a ƙasa inda suka faɗi. Goggo tana riƙe da sakatar a hannu, tana kuka, tana shafa fuskar Wilma da kafaɗunta kamar mai duba ko wani yanki ya ɓace.

"Sake ni, ni lafiyata ƙalau," Wilma ta ce. "Miyata fa? Tun asuba nake kanta."

"Ya cinye," na ce.

"Duka?"

"Har leda."

"To ka gani. Shi ya san abin kirki. Wannan da na kawo mata da cewa za ta yi gishiri ya yi yawa."

Goggo ta fashe da dariya cikin kukan, Wilma ta kama, Lorne ya jingina da bango yana share ido da hula. Muka daɗe a haka.

Da aka natsa Goggo ta miƙe, ta buɗe murhu ta jefa sakatar cikin kwandon toka. Sannan ta ɗauki littafin za ta bi da shi cikin wuta. Wilma ce ta riƙe mata hannu.

"Na gari ne, za a ce ki biya. Kuma bayan duk wannan wahala ba za ki bar ni ban san yadda matar ta ƙare ba."

"Ke da ba kya karatu?"

"Ba na karatu, amma ina da kunne, ba kamar wasu ba. Zauna ki karanta mana."

Lorne ya ce shi yana da aiki, amma bai tafi ba. Ni ma na riga na makara. Goggo ta ɗora buta, ta sa tabarau, ta ja kujerarta. Na lura tana kallon ƙofar, da ramin da kusoshi suka bari. Na ce in tana so zan zo in toshe ramin da yamma.

"Toshe rami kawai," ta ce. "Tsoron yana nan, ba zan yi maka ƙarya ba. Amma nawa ne, ni zan zauna da shi. Ba zan sake sa wani ya biya ba."

Ta juya wa ƙofar baya ta fara karatu. Wilma ta ce ta rage sauri. Can ta ce ta koma baya, ba ta gane wa ya juya takalman ba. Da aka kai inda matar littafin ta sa kunne a jikin ƙofa tana saurare, Wilma ta daina taunar banok, Lorne ya matso da kujerarsa kusa da tawa. Kicin ya yi tsit, sai muryar Goggo da ƙarar buta.

Sai ƙofa ta buɗe.

Mu huɗun muka ƙwala ihu tare, na Lorne ya fi na kowa. Ƙaramar 'yar gidan Oman ce, da jakar makaranta a baya, ta tsaya baki buɗe tana kallonmu. Ta ce mamarta ce ta ce ta tsaya nan har a tabbatar beyar ya yi nisa.

Goggo ta dafe ƙirji, tana haki tana dariya. "Shigo, 'yar nan, shigo. Turo ƙofar, sanyi na shigowa. Wilma, matsa mata, ki kuma bar mata banok ɗin nan, kin ci rabonki."